Yadda Ake Auna Giɓin Ringi Kafin a Rufe Ƙaramin Inji

Duk wanda ya taɓa sauke injin janareta ko na ban ruwa ya san wannan gaɓar. An wanke komai, sabon ringi yana cikin ledarsa, mai inji yana zaune a kan benci yana ƙosawa domin tumatirinsa na can fadama yana jiran ruwa. A nan ne da yawa daga cikinmu muke yage leda, mu saka ringi a fistan, mu rufe. Inji ya tashi da ja ɗaya, kowa ya ce madalla. Bayan sati biyu a dawo da shi yana tuƙa hayaƙi, ko kuma ya cije ana tsakar aiki, sai a ɗora wa mai kayan gyara laifi, a ce jabu ya bayar. Wani lokaci hakan ne. Amma sau da yawa ba a auna giɓin ringin ba ne, aikin da bai wuce minti goma sha biyar ba.

Ringi, wato zoben ƙarfen da ke zagaye fistan yana tare iska da mai a cikin silinda, a yanke yake. Idan ya shiga silinda bakunansa biyu suna matsowa kusa da juna, su bar 'yar wushirya a tsakani. Wannan wushiryar ita ce giɓin da muke magana a kai, kuma saboda zafi aka bar ta. Ɗauki injin da ya fi yawa a hannunmu, Honda GX160 da takwarorinsa na Sin da ake rubuta wa 168F, waɗanda ke kan janareta da injin ban ruwa da injin markaɗe. Faɗin ramin silindarsa milimita 68 ne. Da za ka miƙe ringinsa, tsawonsa zai kai kusan milimita 214. Ƙarfen ringi idan ya fi bangon silinda zafi da digiri 100, yana ƙara tsawo da kusan milimita 0.23. A cikin ringi uku da ke jikin fistan, na sama shi ne ke kusa da wuta, ita kuwa silinda fanka na hura mata iska, don haka kullum ringi ne ya fi ta ɗaukar zafi. Idan giɓin bai isa ya haɗiye wannan ƙarin ba, bakunan za su haɗe. Daga nan ringi ba shi da inda zai je sai ya tokare bango, ya kankare baƙin man da ke kai, ya yi wa silinda zane, ko ya karye, ko ya ɓalle gefen fistan. Injin ban ruwa da ke wuni yana ja a ranar watan Afrilu shi ya fi saurin nuna wannan.

Idan kuma giɓin ya yi faɗi da yawa, matsin iska yana sulalewa ƙasa. Inji ya yi wuyar tashi, ƙarfinsa ya ragu, baƙin mai ya yi saurin baƙi da warin fetur. Sai dai lahanin biyu ba ɗaya ba ne. Giɓin da ya ɗan zarce ƙa'ida da kaɗan da wuya ma mai inji ya lura. Wanda ya gaza kuwa yana iya cinye silinda da fistan a wuni guda. Saboda haka duk lokacin da nake tsakanin lamba biyu, mafi faɗin nake ɗauka.

Kayan aiki da lambar da ake nema

Babban abin da kake buƙata shi ne fila geji, wannan mai ganyayyakin ƙarfe sirara da ake saita bawul da shi. Sai ƙaramin magagari mai laushin haƙora, dutsen wasa mai santsi ko samfefa lamba 400 zuwa sama, farin tsumma, ɗan baƙin mai, takarda da biro, da shi kansa fistan ɗin ba ringi a jikinsa.

Ka duba gejinka da kyau tun kafin ka fara. Da yawa lamba biyu ce a kan kowane ganye, ta inci da ta milimita. Ganyen da aka rubuta wa .010 na inci ne, kaurinsa milimita 0.25. Wanda aka rubuta wa 0.10 na milimita ne, bai kai rabin wancan ba. Na ga yaron shago ya rikita su biyun, ya rantse giɓi ya isa alhali ko rabi bai kai ba. Ganyen da ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe kuma ƙarya zai faɗa maka, ka goge shi ko ka nemi wani.

Lambar da za ka bi ita ce ta littafin injin idan kana da shi. A littafin gyaran GX160, giɓin ringin sama da na biyu yana tsakanin milimita 0.2 zuwa 0.4, kuma idan ya kai milimita 1.0 ringi ya gama aiki. Inda babu littafi, akwai lissafin da makanikai suka daɗe suna amfani da shi: ka ninka faɗin silinda da 0.004. Silinda mai 68 za ta ba ka 0.27. Ta babur irin CG125 mai 56.5 za ta ba ka kusan 0.23. Ta babban janareta irin GX390 mai 88 za ta ba ka 0.35. Ƙaramin janareta mai haɗin mai da fetur, mai silinda 45, zai ba ka 0.18. Wannan lambar ka ɗauke ta a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za ka yarda da shi a ringin sama. Ni a silinda 68 nakan nemi 0.30, domin injinanmu iska ke sanyaya su, kuma iskar tamu ma da zafinta take zuwa. Ringi na biyu a bar shi daidai da na sama ko ya ɗan fi shi faɗi, domin iskar da ta kuɓuce wa na sama ta samu hanyar wucewa, kada ta taru a tsakaninsu ta ɗaga na saman daga mazauninsa.

Wani abu kafin ka bar kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna: ka tafi da tsohon fistan da tsohon ringi a aljihu. Injinan silinda 68 ba ringi iri ɗaya suke ɗauka ba, akwai mai kaurin milimita 1.5, akwai siriri mai 1.0. Faɗin ɗaya ne, amma ɗaya ba ya zama a gidan ɗaya, wato kwarmin jikin fistan da ringi ke zama a ciki.

Fara da silinda

Awon ringi a cikin silinda mai datti ɓata lokaci ne. Kankare gawayin da ya taru a bakinta ta sama, ka wanke ta, sannan ka sa farce ka shafo bangon daga ciki zuwa sama. Idan farcenka ya sarƙe a wata 'yar gaɓa kusa da baki, wannan shi ne iyakar inda tsohon ringi yake kaiwa, kuma zurfin gaɓar shi ne abin da ya ci. Gaɓar da ke riƙe farce sosai tana gaya maka tun yanzu cewa sabon ringi kaɗai ba zai wadatar ba, kuma kaifin gefen sabon ringin zai riƙa dukan ta a kowane hawa. Zanen da ya sauka daga sama zuwa ƙasa wanda farce ke ji shi ma haka.

Idan bangon lafiya lau yake, sai dai ya yi ƙyalli kamar madubi, a kashe ƙyallin da dutsen honin, wato na goge cikin silinda, ko da samfefa da ɗan mai idan shi ke gare ka, ana juyawa ana hawa da sauka har siraran layuka su gicciye juna. Waɗannan layukan su ke riƙe mai su kuma taimaka wa sabon ringi ya zauna. A yi wannan kafin awo, domin yana ɗan ƙara faɗin rami. Bayan nan a wanke da ruwan zafi da sabulu. Fetur ba ya fitar da garin dutse daga cikin layukan. Ka yi ta gogawa da farin tsumma har ya fito fari, ka busar, ka shafa mai kaɗan kada tsatsa ta kama. Kuma kada ka shanya bulok, wato gangar injin da silinda ke ciki, a rana sannan ka ɗauko ringi daga inuwa ka auna. Ka bar su wuri ɗaya su huce tare.

Awon kansa

Buɗe ledar ka ware ringin. Na sama yawanci gefensa na waje yana ƙyalli saboda rufin kurom, wani farin ƙarfe mai tauri. Na biyu ya fi duhu, kuma idan ka duba gefensa da kyau za ka ga a ɗan karkace yake, domin aikinsa har da share mai zuwa ƙasa. Na mai ko dai guda ɗaya ne mai ramuka, ko kuma uku ne: sirara biyu da mai lanƙwasa a tsakiya. Kusa da baki za ka ga harafi ko ɗigo a fuska ɗaya. Wannan fuskar ita ke kallon sama.

Ɗauki na sama. Matse shi a hankali da yatsu, ka shigar da shi silinda a tsaye, sannan ka kwantar da shi. Yanzu kifa fistan, kansa ya shiga ramin, ka tura ringin da shi. Dalilin turawa da fistan shi ne ringin ya kwanta daidai ta kowane gefe. Ringin da ya karkace ko da kaɗan ne zai ba ka lambar da ba tasa ba, kuma yatsa ba ya iya daidaita shi yadda kan fistan zai yi.

A ina za a tsayar da shi? Nan ne mutane suke kuskure ba su sani ba. Silinda ba ta cinyewa daidai. Sama take fi ci, inda wuta da matsi suke, ƙasa kuwa kusan yadda ta fito take zama. Idan sabuwa ce ko yanzu aka yi mata borin, wato aka faɗaɗa raminta da inji, tura ringin kamar milimita 20 daga baki ya isa. Idan tsohuwa ce, wuri biyu za ka auna. Na farko can ƙasa, iyakar inda ringi yake sauka, domin nan ne rami ya fi tsukewa, nan ne giɓi zai fi ƙanƙanta, kuma da wannan lambar za ka yanke shawarar ko za a rage. Na biyu a sama, ƙarƙashin gaɓar nan kaɗan.

Zura ganyen geji a giɓin, ka fara da siriri kana hawa. Ganyen da ya shiga da ɗan jan jiki, kamar kana zaro takarda daga tsakiyar littafi a rufe, shi ne lambarka. Idan sai ka danna yake shiga, ringin kake buɗewa. Idan yana rawa, ka hau na gaba. Rubuta a takarda, kada ka dogara da ka. Cire shi ka auna na biyu, sannan na mai.

Lambobin nan biyu, ta sama da ta ƙasa, suna ba ka labarin silindar ba tare da wata na'ura mai tsada ba. Duk ƙarin milimita 0.01 a faɗin rami yana ƙara wa giɓi kusan 0.03, wato ninki uku da ɗoriya. To idan a ƙasa ka samu 0.30, a sama ka samu 0.75, bambancin 0.45 ne. Raba shi uku da ɗoriya, silindar ta ci kusan 0.14 a sama. Littafin GX160 ya tsayar da iyakar faɗin rami a milimita 68.165, ka ga wannan tana bakin ƙofa. Gara ka kira mai inji ka nuna masa da idonsa yanzu, da ya dawo maka bayan wata biyu yana cewa aikinka bai yi ba.

Idan giɓin ya gaza

Sai a rage bakin ringi, kuma aikin haƙuri ne. Abin da ka cire ba ya dawowa.

Damƙe magagari a bais, wato abin matse ƙarfe na kan teburin aiki, ka riƙe ringin da hannu biyu kusa da bakin, ka goga baki ɗaya kawai a jikin magagarin. Baki ɗaya, domin ɗayan ya zame maka ma'auni, da shi za ka gane ko kana tafiya a miƙe. Kuma cin ya riƙa tafiya daga fuskar waje zuwa ciki. Idan ka ci daga ciki zuwa waje, rufin kurom ɗin yana ɓantarewa a gefe, kuma wannan gefen shi ne ke shafar silinda. Kada ka yi ta kai da komowa kamar mai yankan katako. Ja ɗaya, ɗaga, sake ja.

Ja uku ko huɗu, ka tsaya. Goge garin ƙarfen, mayar da ringin silinda, tura da fistan zuwa inda ka auna ɗazu, sake aunawa. Zagayen farko shi zai nuna maka yawan abin da magagarinka yake ci, daga nan ka san taku nawa ya rage. Ringi na biyu ya fi na sama laushi, yana saurin ci, don haka kada ka ba shi yawan jan da ka ba na farko. Idan ka kusa lambar, koma ja ɗaya ɗaya.

Tsakanin awo da awo, matse ringin har bakunan su haɗu, ka ɗaga shi ka kalli haske. Ya kamata su haɗu tun daga waje har ciki. Idan haske yana fitowa ta gefe ɗaya kamar bakin almakashi, ka karkace, kuma geji zai auna maka wurin da ya fi tsukewa ne kawai alhali iska za ta bi ta inda ya fi faɗi. Gyara shi tun da sauran abin ci.

Da ka kai, ɗauki dutse mai santsi ko samfefa ka shafe ƙaiƙayin ƙarfen da magagari ya tayar a gefuna. Shafa biyu ko uku, yadda yatsa ba zai ji kaifi ba. Kada ka zagaye kusurwar, domin duk abin da ka ɗebe a nan wata ƙofa ce ka buɗe. Ƙaiƙayin da aka bari yana sa ringi ya maƙale a gidansa ko ya ja layi a silinda tun tashin farko.

Ringin mai ba kasafai yake buƙatar magagari ba. Ka dai tabbatar ganyen 0.20 yana wucewa. Mai lanƙwasar nan na tsakiya kuwa ba a taɓa shi sam.

Idan giɓin ya wuce

Babu abin da magagari zai yi maka. Ko dai ringin ba na wannan silindar ba ne, wataƙila an taɓa yi mata borin aka ba ka sitandad, wato na faɗin asali, ko kuma silindar ta ci. Duba kan tsohon fistan, idan an buga 0.25 ko 0.50 to an taɓa faɗaɗa ta, kuma ringi mai wannan lambar za ka nema.

Akwai dabarar da ake yi a garejoji da yawa: a sayo ringin obasayiz 0.25, wato na silindar da aka faɗaɗa da milimita 0.25, a rage shi har ya shiga tsohuwar silindar sitandad. Na san abin da ke kai mutum ga haka, mai inji ba shi da kuɗin borin kuma gonarsa ba za ta jira ba. Amma a san abin da ake yi. Ringin an lanƙwasa shi ne don rami mafi faɗi, idan aka matse shi a ƙarami ba ya kwanciya a bango ta ko'ina. Kuma tsawonsa ya fi na sitandad da kusan milimita 0.8, cin da yawa ne da hannu. Mafi haɗari shi ne a saita shi a saman silinda inda ta ci, ya sauka ƙasa inda take tsuke bakunan su haɗe. In dole ta sa, a saita shi a ƙasa, a kuma gaya wa mai inji gaskiya cewa wannan na kai shi ƙarshen rani ne. Gyaran gaske shi ne borin da sabon fistan da ringinsa, kuma a kai wa mai borin fistan ɗin a hannu ya yanka ramin daidai da shi. Ko bayan borin ma sai an auna giɓi. A gaskiya a nan ne aka fi samun wanda ya gaza.

Gidan ringi da mayarwa

Idan tsohon fistan za ka mayar, karya tsohon ringi ka kankare gawayin da ke cikin gidajen da guntunsa, a hankali kada ka ci alminiyon. Buɗe ƙananan ramukan da ke gidan ringin mai, ta nan mai yake komawa ƙasa. Sannan ɗauki sabon ringin ka sa bayansa a gidansa ka gangara da shi ya zagaye fistan. Inda ya tsaya akwai datti ko rauni. Zura geji tsakanin ringi da rufin gidan. A GX160 tazarar sabo ba ta wuce milimita 0.045 ba, kuma idan ganyen 0.15 ya shiga fistan ya tashi aiki. Ringin da ke rawa sama da ƙasa a gidansa famfon mai yake zama, duk kyan giɓinsa inji zai yi hayaƙi.

Wajen sakawa fara daga ƙasa: na mai, na biyu, na sama, alama tana kallon sama. Idan na mai mai uku ne, mai lanƙwasar ke fara shiga, bakunansa su tokari juna kada ɗaya ya hau ɗaya, sannan siraran biyu. Na sama da na biyu a buɗe su da manyan yatsu iya yadda za su wuce kan fistan kawai. Kada a murɗa su a shigar da baki ɗaya a bi da sauran, suna karyewa, wanda bai karye ba kuma yana karkacewa. Na biyu idan aka kifa shi, mai zai riƙa turawa sama maimakon ƙasa.

Rarraba giɓin uku a kewayen fistan, kowanne ya yi nisan kashi ɗaya cikin uku daga ɗan'uwansa, kuma kada ko ɗaya ya tsaya saitin fin ɗin fistan. Ringi yana juyawa da kansa idan inji na aiki, amma kada a fara da su a layi ɗaya.

Injin haɗin mai da fetur nasa daban ne. A cikin gidan ringinsa akwai ɗan ƙusa da ke hana ringi juyawa, domin kada bakinsa ya faɗa tagar salansa ya karye. Giɓin dole ya zauna a kan wannan ƙusan, ba a rarraba shi. Wajen awo ka tsayar da ringin a inda bango yake cikakke, sama da tagogin. In za ka rage, ka lura da 'yar kwarmin da aka yi wa bakin don ƙusan ya samu wuri, kuma idan silinda ta ƙi sauka kada ka buga, ringi ne ya hau ƙusa.

Shafa mai a ringi da fistan da bango. A GX160 alamar kusurwa uku da ke kan fistan tana kallon ɓangaren sandunan tura bawul. Matse ringin da abin matse ringi, in babu ka yanko gwangwani mai santsi ka naɗe ka ɗaure da kilif ɗin tiyo, ka tura da ƙotar guduma ta katako. Da ka ji ya tsaya, tsaya kai ma ka duba, wani ringin ne ya leƙo. Ƙusoshin kwanrod na wannan injin, wato sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf ɗin da yake juyawa, 12 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ake ɗaure su, na kan silinda 24 Nm. Kafin ka rufe, juya kiranshaf da hannu zagaye biyu ko uku. Ya kamata ka ji jan ringi iri ɗaya daga sama har ƙasa, ba inda yake ɗaurewa.

Zuba sabon baƙin mai, kusan lita 0.6. Idan ya tashi, bar shi ya ɗumama na 'yan mintuna, sannan a ɗora masa matsakaicin kaya, kamar rabin abin da yake ɗauka, domin matsin wuta ne ke danna ringi a bango ya zauna. Barin sa yana ta kaɗawa ba kaya na sa'o'i yana mayar da ƙyallin da ka kashe. A juye man bayan kamar awa biyar na aiki, za ka ga garin ƙarfe yana walƙiya a ciki, sannan a sake juyewa a awa 20. Kafin mai inji ya ɗauka, buɗe iya kilina, wato matatar iska, a gabansa. Idan soson ya yage ko babu shi gaba ɗaya, ƙurar da ta cinye tsohon ringi ta nan ta shiga, sai a wanke shi a ɗan shafa masa mai a matse, ko a sa sabo kafin injin ya bar shago.